Auren Wuri da Doguwar Naƙuda: Tarihin Lalurar Haihuwa daga Zariya zuwa Dajin Birnin Gwari

Gabatarwa

A duk lokacin da aka ɗauko zancen aurar da 'yanmata da wuri a ƙasar Hausa, nan take sai mutane su rabu gida biyu. Wasu su ce al'ada ce da addini, kada a taɓa. Wasu kuma su ce jahilci ne, a kafa doka a hana. Ana cikin wannan ja-in-ja sai a manta da ita yarinyar da ake magana a kanta, wadda ke durƙushe a ɗakin uwarta kwana biyu tana naƙuda. Manufata a wannan maƙala ita ce in jingine gardamar tukuna, in bi diddigin tarihi: yadda kakanninmu suka tsara aure da haihuwar fari, inda tsarin nasu ya yi amfani da inda ya gaza, abin da likitoci suka gano a asibitin Zariya shekaru kusan hamsin da suka wuce, sannan in dawo kan ƙauyukan dajin Birnin Gwari irin su Gwaska, inda rashin tsaro ya mayar da hannun agogo baya. Abin da nake son malaman makaranta da dattawa su riƙe shi ne, tarihi ya nuna abubuwa uku ne ke yanke wa yarinya mai cikin fari hukunci, wato girman jikinta, da ilmin da ta samu, da kuma hanyar da za ta kai ta asibiti a kan lokaci.

1. Aure da haihuwar fari a al'adar da

Mafi kyawun shaidar da muke da ita a rubuce game da rayuwar matan ƙasar Hausa a ƙarshen ƙarni na 19 ita ce ta Baba ta Karo. Wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da wannan tsohuwa a Giwa da Zariya tsakanin 1949 da 1950, ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta, aka buga littafin a 1954. Giwa kuwa maƙwabciyar ƙasar Birnin Gwari ce ta gabas, don haka abin da Baba ta faɗa bai yi nisa da abin da ake yi a wannan yanki ba. A zamaninta ana aurar da yarinya tana da shekara goma sha uku zuwa sha huɗu, iyaye ne ke zaɓar mata mijin fari, kuma sau da yawa ɗan'uwa ne, wato auren zumunci. Ita kanta haka aka yi mata. Wannan bai tsaya ga talakawa ba, domin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793, ta auri Giɗaɗo ɗan Laima tana da wajen shekara goma sha huɗu. Sai dai aure bai raba ta da karatu ba, har ta zama malamar da ta kafa tsarin 'Yan Taru na ilmantar da matan karkara.

Dalilan wannan auren wuri ba ɓoyayyu ba ne. Akwai tsoron abin kunya, musamman ga yarinyar da ke fita talla. Akwai ƙulla zumunci tsakanin gidaje. Akwai kuma abin da ba a cika ambata ba, wato tsoron hari. A ƙarshen ƙarni na 19 mayaƙan Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, sun addabi ƙasar Gwari da yammacin Zazzau da kamun bayi, har zuwa lokacin da Turawa suka ci Kwantagora a 1901. Baba ta ba da labarin yadda maharan suka kama matan danginta, aka yi ta fafutukar fansarsu. A ganina, a irin wannan zamani uba yakan ga budurwar da ke gabansa amana ce mai nauyi, gara ya miƙa ta ga wanda zai tsare ta. Zan dawo kan wannan batu idan na zo kan Gwaska.

Ya kamata a yi wa magabata adalci, domin ba haka kawai suka saki yarinya ba. Malaman Malikiyya sun bambanta ɗaurin aure da tarewa, suka ce ba a miƙa yarinya ga miji sai jikinta ya kai ɗaukar zaman aure. Al'ada kuma ta tanadi goyon ciki, inda mai cikin fari ke komawa gidan iyayenta idan ciki ya tsufa, ta haihu a gaban uwarta, ta yi jego a can. Bayan haka akwai shayarwa ta kusan shekara biyu, kuma matar da ta yi kwanika, wato ta sami ciki tana goyo, takan sha gori. Wannan ya sa ana samun tazara tsakanin haihuwa da haihuwa tun kafin a san wani abu wai shi tsarin iyali. Waɗannan duka garkuwa ce da al'umma ta gina gwargwadon saninta.

2. Inda al'ada ta gaza

Abin da al'ada ba ta da maganinsa shi ne doguwar naƙuda, wato idan kan jariri ya fi ƙarfin ƙugun uwa, ko kuma ɗan ya kwanta a gicciye. Bari in bayyana yadda abin yake faruwa, domin da yawa daga cikinmu mun san sunan yoyon fitsari amma ba mu san mafarinsa ba. Idan mahaifa ta yi ta turo jariri alhali ƙofa ta yi masa kaɗan, sai kansa ya danne mafitsara da bangon farji a jikin ƙashin ƙugu. Idan aka kwana ɗaya, biyu, uku a haka, jini ya daina isa wurin da aka danne, sai naman ya mutu. Galibi jaririn yakan mutu a ciki, kansa ya yi laushi, sannan ya fito. Bayan 'yan kwanaki mataccen naman ya zube, ya bar ɓula tsakanin mafitsara da farji, wani lokaci har da dubura. Daga nan fitsari ba ya tsayawa, dare da rana. Wasu kuma jijiyar ƙafa takan taɓu, su riƙa jan ƙafa. Maganin wannan tun farko shi ne a yi tiyata a ciro ɗan kafin naman ya mutu, abin da babu ungozoma ko wanzamin da zai iya.

Yarinya ƙarama ta fi shiga wannan haɗari saboda ƙashin ƙugu yana ci gaba da buɗewa har bayan fara al'ada da wasu shekaru. Wadda kuma ta tashi cikin ƙarancin abinci da yawan zazzaɓin cizon sauro takan tsumbure, ƙugunta ya zo a matse ko da ta kai shekara ashirin.

A kan wannan sai wasu al'adu suka ƙara wa wuta makamashi. Ta farko ita ce kunya. Mai cikin fari ba ta faɗin tana da ciki, ba ta kuka a wurin naƙuda, kuma jarumtarta ita ce ta haihu ita kaɗai a durƙushe, sai ɗa ya faɗo a kira ungozoma ta yanke cibi. Yarinyar da aka hora a kan haka tana iya kwana tana wahala ba ta buɗe baki ba. Ta biyu ita ce yankan gishiri. Idan naƙuda ta yi tsawo, ko amarya ta kasa zama da miji, sai a ce gishiri ne ya toshe hanya, a kira wanzami ko ungozoma a tsaga gaban farji da aska ko reza. Askar kan zarce ta huda mafitsara ko hanyar fitsari, ko jini ya ɓalle. Ta uku ita ce jiran izini. Idan maigida ya tafi cin rani ko fatauci, ba kowa ke da ikon cewa a ɗauki matarsa zuwa asibiti ba.

Har bayan haihuwa akwai sauran rina a kaba. Wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in ko fiye, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da shan kunun kanwa mai yawa, an yi su ne da niyyar korar sanyi. Amma likitoci biyu na asibitin Zariya, Davidson da Parry, sun bi matan da zuciyarsu ta kasa aiki bayan haihuwa su fiye da ɗari biyu, suka wallafa sakamakon a 1978, inda suka danganta yawan wannan ciwo a Zariya da gishirin kanwa da kuma tsananin zafi. Kumburin da ake cewa jego ne ya karɓi mace, a wasu lokuta ruwa ne ya taru a jiki saboda zuciya ta gaji.

Kada a ɗauka wannan lalura ta Hausawa ce kaɗai. An gano alamar yoyon fitsari a gawar wata matar Fir'auna mai suna Henhenit, wadda ta rayu wajen shekara 2,000 kafin haihuwar Annabi Isa. Ibn Sina ya yi maganar alaƙarsa da wahalar haihuwa. A Amurka an buɗe asibitin mata a birnin Niyok a 1855 musamman don gyaran wannan ciwo. Abin da ya kawar da shi daga Turai da Amurka shi ne tiyatar haihuwa ta zama kusa da kowace mace.

3. Abin da alƙaluman Zariya suka nuna

Bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 da buɗe sashenta na koyon likitanci a 1967, asibitin Zariya ya zama matattarar matan da haihuwa ta gagara daga ƙauyukan Zazzau, da kudancin Katsina, da ɓangaren Birnin Gwari. A nan ne aka yi bincike biyu da har yau duniya take dogaro da su.

Na farko shi ne na Dakta Tahzib, wanda ya tattara bayanan mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka duba a asibitin tsakanin 1969 da 1980, ya wallafa a 1983. Ya gano cewa kimanin kashi 84 cikin ɗari doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kashi 13 kuma yankan gishiri. Kusan ɗaya cikin uku ba su kai shekara goma sha shida ba, fiye da rabi kuma ba su kai ashirin ba. Wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a a asibitin, Margaret Murphy, ta bi rayuwar irin waɗannan mata, ta nuna a 1981 cewa yayin da ciwon ya daɗe sai aure ya mutu, yarinya ta koma gidan iyaye, a ware mata ɗaki da kwano saboda zarni, wasu ma su ƙare a bara.

Na biyu shi ne babban binciken Farfesa Kelsey Harrison, mutumin Abonnema a jihar Ribas, wanda ya shugabanci sashen haihuwa na asibitin. Shi da abokan aikinsa sun rubuta bayanin haihuwa 22,774 a jere tsakanin 1976 da 1979, aka buga sakamakon a 1985. Mata 238 ne suka rasu a cikinsu, wato fiye da ɗaya a kowace ɗari. Abin lura shi ne 219 daga cikin waɗanda suka rasu ba su taɓa zuwa awon ciki ba, an kawo su ne ranga-ranga bayan abu ya ɓaci a gida, alhali su ne kusan kashi ɗaya cikin uku kacal na matan da aka ƙidaya. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne 'yan shekara goma sha biyar zuwa ƙasa, da kuma manyan matan da suka yi haihuwa da yawa. Amma ko a cikin ƙananan, wadda ta zo awo ta fi wadda ba ta zo ba tsira nesa ba kusa ba. Haka kuma mutuwa ta yi ƙaranci ƙwarai a cikin matan da suka yi makaranta.

Akwai wani abin mamaki da binciken ya gano. An ba wasu 'yanmata masu cikin fari maganin zazzaɓin cizon sauro da na ƙarin jini a tsawon goyon cikinsu, sai aka ga da yawansu sun ƙara tsawo kafin su haihu, daga santimita 2 har zuwa 16, kuma waɗanda suka ƙaru ɗin sun fi haihuwa da kansu ba tare da tiyata ba. Wannan ya tabbatar da cewa yarinyar tana kan girma ne ciki ya same ta, ita da ɗan suna rabon abinci ɗaya. Ya kuma nuna cewa ko an riga an yi auren, ƙwayoyin da ba su taka kara sun karya ba suna iya ceton rai. Ƙarshen maganar Harrison, duk da kasancewarsa likitan tiyata, ita ce babban maganin mutuwar mata wurin haihuwa shi ne a sa kowane yaro makaranta, mace da namiji. Ya faɗi haka ne a daidai lokacin da shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ke kankama.

4. Daga Babbar Ruga zuwa Ƙofar Gayan

Gyaran yoyon fitsari ya samu gindin zama a Arewa ta wata hanya da ba a zata ba. A 1983 wani likita ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya zo asibitin kutare na Babbar Ruga a Katsina domin aikin kuturta. Ganin yawan matan da ke zuwa da wannan lalura sai ya fara yi musu aiki a 1984. Sannu a hankali Babbar Ruga ta zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin wannan aiki a duniya, daga baya Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a matsayin cibiya ta ƙasa. A 1990 aka buɗe cibiyar Laure a asibitin Murtala Muhammad na Kano, kuma a daidai wannan lokaci mata irin su Hajiya Amina Sambo suka jagoranci kwamitin ƙasa na yaƙi da ciwon. A Zariya aka sami sashen gyaran a asibitin Ƙofar Gayan, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Hajiya Gambo Sawaba. Sunan ya dace da wurin, domin ita ma Gambo, wadda aka haifa a 1933 ta rasu a 2001, an aurar da ita tana da shekara goma sha uku, kuma ta shafe rayuwarta tana yaƙi da auren dole da neman ilmin mata. A 2005 aka yi gangamin mako biyu a Kano da Katsina da Sakkwato da Kebbi, aka yi wa mata fiye da 500 aiki. A Jamhuriyar Nijar kuma aka buɗe cibiyar Danja kusa da Maraɗi a 2012.

Darasin da waɗannan cibiyoyi suka koyar shi ne ciwon yana warkewa. Mafi yawan waɗanda ƙwararre ya yi wa aiki tun farko suna komawa gida a bushe, wasu ma da aka kawo da wuri robar fitsari kaɗai ake sa musu na 'yan makonni ɓular ta haɗe. Amma Dakta Waaldijk ya sha nanata cewa duk macen da naƙuda ta toshe mata kuma ba ta sami tiyata ba tana iya kamuwa, ko 'yar shekara nawa ce. Gyara yana zuwa ne bayan ɗa ya riga ya mutu.

5. Gardamar shekaru

A 2003 Majalisar Tarayya ta zartar da dokar kare haƙƙin yara wadda ta sa shekara goma sha takwas a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure, amma sai kowace jiha ta amince da ita kafin ta yi aiki a cikinta, kuma jihohin Arewa sun daɗe suna jan ƙafa. A watan Yuli na 2013 ƙura ta tashi a Majalisar Dattawa kan sashe na 29 na tsarin mulki, wanda ke ɗaukar matar aure a matsayin baliga, inda Sanata Ahmad Sani Yariman Bakura ya tsaya a bar shi yadda yake. Jihar Kaduna ta yi tata dokar ta kula da yara a 2018.

Ban raina doka ba, amma alƙaluma sun nuna inda gizo ke saƙa. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 19 cikin ɗari na 'yanmata masu shekara 15 zuwa 19 a Nijeriya sun haihu ko suna da ciki. A karkara kashi 27 ne, a birni kashi 8. A cikin waɗanda ba su yi makaranta ba kashi 44 ne, a cikin waɗanda suka wuce sakandare kuwa kashi 1. A yankin Arewa maso Yamma kimanin kashi 16 kawai na haihuwa ake yi a asibiti. Wato abin da Harrison ya gani a Zariya a 1979 shi ne aka sake gani bayan shekara arba'in. A gidajen 'yan boko da na manyan malamai na birni, ba tare da wani ɗan sanda ya zo ba, shekarun aure sun ɗaga da kansu saboda yarinya tana da makarantar zuwa. Uban da ke ƙauye, wanda babu sakandare a kusa da shi, idan 'yarsa ta gama firamare zaɓi biyu ne a gabansa, talla ko aure. Cibiyar Ilmin 'Ya'ya Mata da aka kafa a Zariya a 2007 ta gina aikinta a kan wannan fahimta: ta riƙa biya wa 'yanmatan ƙauyuka kuɗin makaranta, tana tara su a gidajen da iyaye suka yarda da su ana ƙarfafa musu karatu, ba tare da an yi wa iyaye wa'azin shekarun aure ba.

6. Gwaska da dajin Birnin Gwari

A 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka kasa abin da ke kashe mai naƙuda zuwa jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Duk wanda ya san ƙasar Birnin Gwari ya san na biyun ne babbar matsalarta tun fil azal. Ƙasa ce mai faɗi, ƙauyuka a warwatse cikin daji, ga dajin Kamuku da ya zama gandun ƙasa a 1999, wanda ya haɗe da dazuzzukan Zamfara da Neja. Babban asibitin da ake iya tiyata yana cikin garin Birnin Gwari, wato asibitin Jibril Mai Gwari, daga can kuma zuwa Kaduna kimanin kilomita 120 ne. Da damina rafuka kan yanke hanyoyin ƙauye. Ko a lokacin zaman lafiya, mai naƙuda a bayan babur take isa bakin kwalta.

Sai kuma 'yan bindiga suka mamaye dajin. A ranar 5 ga Mayu, 2018, suka afka wa Gwaska da rana tsaka, suka kashe mutum aƙalla 45, har da yara, suka ƙona gidaje, waɗanda suka tsira, yawancinsu mata, suka watse zuwa garuruwan maƙwabta. A ranar 15 ga Maris, 2021, aka sace malamai uku a makarantar firamare ta Rama. A ƙarshen Satumba na wannan shekara gwamnatin jiha ta katse layukan waya a yankin, ta kuma hana hawa babur na wani lokaci domin toshe wa 'yan bindiga hanya. Matakin tsaro ne, amma ga mai naƙuda a ƙauye waya da babur su ne motar asibitinta. A 2022 ƙungiyar ci gaban masarautar Birnin Gwari ta koka cewa 'yan Ansaru suna auren 'yanmata a gabashin masarautar. A ranar 7 ga Maris, 2024, aka kwashe ɗalibai daga makarantar Kuriga da ke kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, aka sako 137 bayan makonni biyu da 'yan kwanaki.

Idan aka ɗora waɗannan a kan darasin Zariya, sakamakon a fili yake. An rufe makarantu da ƙananan asibitoci a ƙauyuka da dama, malamai da ma'aikatan lafiya sun janye zuwa gari. Noma ya ragu, abinci ya yi ƙaranci, yarinyar da ya kamata ta yi girma ta tsumbure. Uba kuma, kamar kakansa a zamanin Nagwamatse, ya ga budurwa a gida ko a wurin gudun hijira abin fargaba ce, sai ya gaggauta aurar da ita. Wato duka abubuwa ukun da na ambata a farko, jiki da ilmi da hanya, rashin tsaro ya taɓa su a lokaci guda. Yarinyar da aka haifa a Gwaska a 2010 tana da shekara takwas aka ƙona garinsu, kuma shekarun da ya kamata ta yi a aji a gudun hijira suka wuce. Ita da sa'o'inta su ne amare da masu cikin fari na yanzu.

A watan Nuwamba na 2024 aka yi sulhu da wasu daga cikin 'yan bindigar, Gwamna Uba Sani ya buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe. A wannan watan ne kuma Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da shirin tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Amfanin irin wannan shiri yana ga wadda ta iya isa ƙofar asibitin da rai.

7. Abin da ya rage gare mu

Ga dattawa da limamai, ina ganin mafita tana cikin abin da muka gada. Bambancin ɗaurin aure da tarewa yana cikin littattafan fiƙihunmu, haka ma hanin cutarwa. Waliyyi yana da damar sa sharaɗi a wurin ɗaurin aure cewa yarinya za ta kammala karatu, kuma za ta je awo idan ta sami ciki. Maigidan da zai yi tafiya ya bar izini a bayyane gaban shaidu cewa idan naƙuda ta zo a tafi da matarsa. Goyon ciki ma ana iya sabunta shi: mai cikin fari daga ƙauye mai nisa ta koma wurin dangi a cikin gari, kusa da asibiti, tun ciki yana wata takwas. Akwai ƙa'ida mai sauƙi da ma'aikatan lafiya ke koyarwa, wadda ta kamata kowace ungozoma da kowace suruka ta haddace, ita ce kada rana ta fito sau biyu a kan mace tana naƙuda. Jini, da jijjiga, da kumburin fuska da ciwon kai mai tsanani, da fitowar hannu ko cibiya kafin kai, duk ba a jira da su. Yankan gishiri kuwa a bar shi gaba ɗaya, domin bai taɓa buɗe ƙugun da ya matse ba.

Ga 'yan'uwana malaman makaranta, rajistar aji tana hannunmu, mu ne muke fara sanin ranar da yarinya ta daina zuwa. Ziyara ɗaya zuwa gidan uban tare da mai unguwa takan yi abin da takardar doka ba ta yi ba. Wadda aka riga aka aurar kada a soke sunanta, a nema mata hanyar dawowa ko ajin matan aure. Yaran da gudun hijira ya ci musu shekaru a karɓe su ko sun girme wa aji. Su ma yara maza a koya musu alamomin haɗarin naƙuda, domin su ne magidantan da za a nemi izininsu gobe.

Kammalawa

Daga zamanin Baba ta Karo zuwa yau, shekarun aure a ƙasar nan suna bin halin da jama'a ke ciki ne: su sauka idan akwai tsoro da yunwa, su ɗaga idan akwai makaranta da kwanciyar hankali. Likitocin Zariya sun ƙidaya mana gawawwaki tun 1979, sun kuma nuna mana cewa mafi yawansu na waɗanda aka kawo a makare ne. Saboda haka duk wanda ke son auna ko zaman lafiya ya dawo dajin Birnin Gwari, bayan ya duba kasuwar shanu, ya leƙa ajin ƙarshe na firamaren ƙauye ya ƙirga 'yanmata, sannan ya tambaya ko mai naƙuda daga Gwaska tana iya kama hanya da tsakar dare ta isa asibiti kafin asuba. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya mai ɗorewa.